Sawun da Ya Tsaya a Bakin Maƙabarta

Wata tsohuwa mai tsinkar ganyen tafasa ce ta fara ganin gawar Hashimu. Yana kwance rub da ciki a tsakiyar gonarsa ta dawa, hularsa ta faɗa cikin kwarin kunya, ƙeyarsa a fashe. Ruwan da aka kwana ana zubawa ya ɗauke gab da asuba, ƙasa ta yi laushi, jinin ma bai gama daskarewa ba. Tsohuwar ta yar da ƙwaryarta ta nufo gari tana salati, kafin hantsi babu gidan da labarin bai shiga ba a Kanyar Maje.

Ba mutuwar kaɗai ta girgiza garin ba, wanda ya mutun ne. Tun bara, da wani kamfani ya zo da maganar karɓar ƙasar garin ya yi gonar shinkafa, a mayar da mutane wani fili can bakin titi, Kanyar Maje ta rabe biyu. Akwai 'yan tashi, masu cewa magana ta riga ta ƙare a sama, gara a karɓi abin da aka bayar tun ana lallashi. Akwai 'yan zama, masu cewa ko motar rusau za ta bi ta kansu ba za su bar gonakin iyayensu da kaburburansu ba. Hashimu shi ne bakin 'yan zama, mutum mai murya da faɗin ƙirji, wanda in ya tsaya a dandali ya yi magana sai jinin samari ya tafasa. An raba majalisa, an raba mai shayi, wa da ƙane suka daina gaisawa a hanyar gona. Masallaci ne kaɗai ya rage na kowa, shi ma da an sallame sai kowa ya zura takalmi ya fice ba tare da ya miƙa wa na kusa da shi hannu ba.

Samarin 'yan zama har wani labari gare su da suka tsinto a waya, na wata al'umma a Amurka da ake kira Chokto. Wai shugabanninsu ne suka sa hannu aka karɓe ƙasarsu, aka kora su wani yanki mai nisa, da yawa suka mutu a hanya, waɗanda suka tsira suka zauna da zargin juna. Rabin dattawan garin ba su san ta inda ake bi a je Amurka ba, amma labarin ya zauna musu a ƙirji. Tun daga nan kowa ya shiga kallon maƙwabcinsa yana tunanin ko shi ne zai sayar da su.

Dagaci ya kira 'yan sanda a waya, suka ce rafin da ke tsakanin garin da Bagwai, inda ofishinsu yake, ya cika ya haye kwalbati, ko babur ba ya wucewa, sai ruwa ya janye za su iso. Sai ya aika a kira masa Sama'ilu mai bin sawu.

Sama'ilu tsohon maharbi ne, siriri, ba ya rabuwa da malfa da sandar gora. Da daji ya ƙare ya zama gonaki, sai ya koma bin sawun ɓarayin awaki da shanu, kuma ba a cika samun wanda ya ɓace masa ba. Ba ɗan tashi ba ne, ba ɗan zama ba, in an matsa masa sai ya ce shi ƙasa yake kallo, ba takarda ba. Amma kowa ya san ɗansa tilo, Zubair, shi ne hannun daman Hashimu, shi yake riƙe masa lasifika a taro. Ranar nan da ɗan aike ya zo, Sama'ilu ya ɗauki sandarsa ya bi shi, ko da yake bai taɓa bin sawun wanda ya kashe mutum ba.

* * *

Ya tarar mutane sun tattake gonar kamar an ci kasuwa. Ya yi musu faɗa, ya kora su baya, ya kewaya can gefe inda ƙafafun 'yan kallo ba su kai ba. A nan ya same shi: sawun takalmin taya, an yi wa dugadugin hagu faci a gicciye. Sawun ya fito daga wajen gari, ya zo ya tsaya daidai gaban na Hashimu. Mutum biyun sun jima a tsaye suna fuskantar juna, domin ƙasar wurin ta lotsa. Daga nan ƙafar Hashimu ta juya, ya ba wa mutumin baya. Wannan ya tsaya wa Sama'ilu a rai. A irin zaman da ake yi a garin, Hashimu ba zai juya wa ɗan tashi ƙeya a cikin dogayen dawa ba.

Kuskuren da ya yi shi ne da ya nuna facin da bakin sandarsa. Wani saurayi ya leƙo ta bayansa ya ce ai wannan takalmin Madu ne mai kifi, kowa ya san facin. Kafin Sama'ilu ya buɗe baki, samari sun bi sawun a guje ta cikin dawa. Ba su daɗe ba suka dawo suna haki, idanu a waje, suka ce sawun ya kai bakin tsohuwar maƙabarta ya ɓace, ko ɗigo babu. Nan take aka ce layar zana ce, ai mutanen gabas ba su rasa irin wannan. Wani ya ce dama baƙo ba shi da kabarin kowa a garin, me zai dame shi in an tashe su. Wani ya ambaci fetur.

Dagaci ya sha gabansu da roƙo. Da ƙyar suka yarda a fara yi wa mamaci sutura, a ba Sama'ilu zuwa la'asar. Suka ce in la'asar ta wuce bai kawo wani ba, to su sun san gidan da za su nufa.

* * *

Shagon Madu a rufe yake, warin busasshen kifi yana fitowa ta ƙasan ƙofa. Iyayensa daga Barno suka zo, a cikin birnin Kano aka haife shi, ya kuma daɗe a Kanyar Maje har 'ya'yansa ba su san wani gari ba. Laifinsa duka bai wuce wata rana a teburin mai shayi da ya ce bakin titi zai fi ciniki ba. Matarsa Yakaka ce ta buɗe wa Sama'ilu ƙofar gida. Ya hango yara sun cure a bayan randa, babu mai motsi.

Madu bai yi musun takalmin ba. Ya ce nasa ne, da shi ya je sallar asuba, da aka sallame ya fito bai gan shi ba. Ya duba cikin tarin silifas ɗin da ke ƙofar masallaci, duhu bai gama washewa ba, ya ga ba zai ɗauki na wani ba, ya tako gida ba takalmi. Yakaka ta ce ita ma har tsiya ta yi masa, ta ce ɗan kasuwa guda yana yawo da taɓo har idon sawu. Ta faɗi haka tana son yin murmushi, sai kuka ya ƙwace mata.

Sama'ilu ya dubi ƙafar Madu. Gajere ne mai nauyi, yana taka ƙasa da dukan tafinsa. Wanda ya sa takalmin a gona kuwa dogon taku gare shi, yatsunsa har sun ɗan zarce bakin takalmin. Amma ya san wannan ba hujjar da za ta tsayar da saurayi mai jarkar fetur ba ce.

Da zai fita, Madu ya riƙo hannun rigarsa, ya rage murya don kada yaran su ji.

"Baba Sama'ilu, in sun zo, ka roƙe su su bar yara su fita tukuna. Ni zan tsaya a ciki."

Sama'ilu ya janye hannun rigarsa a hankali. Ya fito.

* * *

Na biyu da ake zargi shi ne Ziyad, saurayin da ke riƙe wa masu awon kamfani sanda. Sun taɓa cacar baki da Hashimu a kasuwar Bagwai har aka shiga tsakani. Sama'ilu ya same shi a ɓoye a bayan rumbun uwarsa, ya rungume gwiwa. Kallo ɗaya ya yi wa ƙafarsa ya san ba shi ba ne, domin irin wannan ƙafar ko rabinta ba za ta shiga takalmin Madu ba. Duk da haka ya tambaye shi inda yake da asuba. Ziyad ya ce yana kwance, shi ya daina zuwa masallacin garin tun da aka fara tsaki in ya shiga sahu. Sannan ya yi wata dariya marar daɗi.

"Baba, me zai sa in kashe mutumin da ya riga ya zama namu?"

Sama'ilu ya ce ya iya bakinsa, mamaci ko wanka ba a gama yi masa ba. Ziyad ya rantse. Ya ce shekaranjiya da rana tsaka, lokacin da gari ya watse gona, Hashimu da kansa ya shiga gaban masu awo ya nuna musu iyakar tsohuwar maƙabarta, suka kafa turakun ƙarfe masu jan fenti. An yi masa alkawarin shi zai zama mai unguwa a sabon gari. Ya ce shi ya riƙe sandar awon, da idonsa ya gani, kuma bai faɗa wa kowa ba, domin wa zai yarda da shi?

Sama'ilu ma bai yarda ba, sai da ya je gidan makokin. Ya tsaya a soro ya nemi magana da Huseina, matar mamacin, ta bayan labule. Ya faɗa mata abin da Ziyad ya ce. Ta ce gaskiya ne, mijinta ya ce mata faɗa da kamfani ba zai kai su ko'ina ba, gara mutum ya nema wa 'ya'yansa wuri tun da sauran dama, ya kuma hana ta faɗa. Sama'ilu ya tambaye ta ko wani ya sani. Ta ce jiya da magariba wani ya yi sallama, suka tsaya a soron nan suna magana ƙasa-ƙasa, ta ji Hashimu yana cewa a bari sai gobe a gona. Ya tambaye ta ko ta gane muryar. Labulen ya motsa, ya ji numfashinta.

"Ka bi sawunka, Baba. Don Allah kada ka tambaye ni."

Yadda ta faɗe shi, da tausayi maimakon fushi, shi ya fi komai tsorata shi.

* * *

Bayan azahar aka kai Hashimu sabuwar maƙabarta da ke kudu da gari. Zubair yana gaban makara, bai yarda kowa ya karɓe shi ba, hawaye yana bin gemunsa. Sama'ilu ya dube shi ya ji tausayinsa, ya ce a ransa yaron nan ya yi rashin uba na biyu, kuma bai san me uban ya aikata ba. Ana zuba ƙasa ya zame jiki ya bar wurin, ya nufi arewa shi kaɗai.

Tsohuwar maƙabarta an daɗe da daina binnewa a cikinta. Ciyawa ta rufe ta har gwiwa, kaburburan sun baje sun zama ɗaya da ƙasa, tukwanen da aka kifa a kansu sun farfashe sun nutse. Babu mai shigarta sai da dalili, shi ya sa samarin da safe suka tsaya daga bakin shinge. Sama'ilu ya tsuguna inda sawun ya ƙare. Taku na ƙarshe ba na mai gudu ba ne. Ƙafafun biyu suna jere, dugadugi kusa da dugadugi, na hagu ya ɗan fi nutsewa. Haka mutum yake tsayawa in zai tuɓe takalmi. Ya zura sandarsa cikin shingen bini-da-zugu, sai ga takalmin Madu an cusa shi a ciki.

Babu wata layar zana. Mutumin ya kashe rai ya zo a guje, amma da ya iso maƙabarta sai ya tsaya ya cire takalmi, yadda aka koya wa kowane ɗan garin tun yana ƙarami.

Sama'ilu ya tuɓe nasa, ya yi wa mazauna wurin sallama, ya shiga. A kan ciyawa ba a ganin tafin ƙafa, sai dai inda ta kwanta. Ya bi kwanciyar ciyawar a hankali. Ba ta miƙe ba. Ta yi dama, ta karkata hagu, ta kewaye wani fili da ido ba ya ganin komai a cikinsa, ta sake lanƙwasa. Da farko ya ɗauka ruɗewa ce ta mai tsoro. Sai ya lura ƙafarsa tana bin hanyar tun kafin idonsa ya nuna masa. Nan kabarin tsohon liman ne, an kauce masa. Nan na 'yan biyun gidan maƙera ne, an kewaye su. Wanda ya bi nan ya san inda kowane mamaci yake kwance, bai taka ko ɗaya ba. Madu ya zo garin bayan an rufe wurin. Ziyad ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da aka binne rabin waɗannan.

Hanyar ta nufi gindin tsamiya. Tun daga nesa Sama'ilu ya fara cewa a'a a ransa, amma ƙafafunsa ba su tsaya ba. A duk maƙabartar kabari ɗaya ne ba ciyawa a kansa, domin kowace shekara kafin ruwa ya sauka shi da ɗansa sukan zo su nome shi su gyara ƙaya. Kabarin Hure ne, matarsa, uwar Zubair, wadda ta rasu yaron bai ko fara azumi ba.

A wajen kanta akwai ramin da aka tumɓuke wani abu. A gefe ga turken ƙarfe mai jan fenti a yashe, bakinsa ba fenti kaɗai ba ne. Ga gurbin gwiwoyi biyu inda mutum ya durƙusa ya daɗe. Kuma a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar, ɓaro-ɓaro, ga tafin ƙafar dama, babban yatsan ya karkace ya hau na kusa da shi. Irin yatsan Hure ne. Sama'ilu ya san wannan ƙafar tun tana cika masa tafin hannu.

Ya zauna a ƙasa. Tsoron da ya ji bai taɓa jin irinsa ba, ko ranar da kura ta tare shi a daji yana saurayi. Ya ɗaga kai ya ga hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganyen tsamiya. Ba sai ya yi komai ba. In ya so, sai ya zauna kawai, ruwa ya sauka, sawun ya narke, ya koma ya ce wa Dagaci ƙasa ba ta yi magana ba. Babu wanda zai zarge shi, ai ya tsufa. Ya daɗe yana kallon sawun, yana jin muryar Madu yana roƙon a bar yara su fita.

Daga can gari ya ji an kira la'asar. Ya cire malfarsa ya kifa a kan sawun, ya danne gefenta da ɓallin tukunya don kada iska ta ɗauke.

* * *

Ya tarar da samarin a ƙofar gidan Madu. Jarkoki biyu a ƙasa, wani yana jujjuya ashana a hannu, Dagaci da liman sun tsaya a bakin ƙofa muryarsu ta dushe. Zubair yana can bayan taron ya jingina da katanga, bai riƙe komai ba, ba ya kuma kallon kowa. Mutane suka ga Sama'ilu ba malfa, abin da ba su taɓa gani ba, hayaniyar ta ragu.

Ya ce wa Dagaci ya ga sawu, amma ba zai faɗi suna a nan ba, kowa ya biyo shi, a taho da Madu da Ziyad. Aka tafi ana gunaguni, 'yan zama a gefe ɗaya na hanya, 'yan tashi a ɗaya gefen. A bakin shinge ya zaro takalmin ya nuna, ya nuna inda aka tsaya aka tuɓe shi. Sannan ya ce wa Madu ya shiga ya je gindin tsamiyar can.

Madu ya yi sallama ya shiga, ya miƙe sak. Bai yi nisa ba wani dattijo ya ɗaga murya ya ce ya tsaya, kabarin kakan dattijon ya taka. Madu ya ja da baya a firgice, ya taka wani, wani tsohon ya sake tsawatar masa. Aka fito da shi. Ziyad ma haka, bai san gabas da yamma ba a wurin. Sai Sama'ilu ya nuna musu kwanciyar ciyawar, yadda ta yi ta kewaye-kewaye. Liman, wanda ya yi wa yawancin mutanen wurin salla, ya bi ta da ido yana ambaton sunayen mamatan ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya ce wanda ya bi nan ɗan gari ne, kuma mai yawan zuwa ne. Tsofaffin da suka san wurin haka, babu mai ƙarfin fasa kan Hashimu a cikinsu.

Sama'ilu ya ce wanda ya yi yana tsaye a nan, kuma ya fi masa alheri ya fito da ƙafarsa. Ya jira. Iska ta ƙara ƙarfi, ɗigon ruwa ya fara sauka jefi-jefi. Ya ƙara jira, fiye da yadda ya kamata, har mutane suka fara duban juna. Babu wanda ya motsa.

"Zubair," in ji shi. "Zubair, zo ka kai mu kabarin uwarka."

Taron ya buɗe. Zubair ya tako a hankali, ya tsaya a bakin shinge, ya haɗa dugadugansa, ya tuɓe silifas. Ya shiga. Ya yi dama, ya karkata hagu, ya kewaye tsohon liman, ya kauce wa 'yan biyun maƙera, ƙafarsa tana sauka daidai inda ciyawar ta kwanta. Dagaci da liman da uban suka bi bayansa, sauran suna kallo daga shinge. A gindin tsamiya Sama'ilu ya sunkuya ya ɗaga malfarsa. Bai ce wa ɗan ya sa ƙafa ba. Zubair ya dubi sawun, ya dubi turken, ya durƙusa a gurbin da ya bari da safe.

Ya yi magana ba tare da ya ɗaga kai ba. Ya ce jiya da yamma ya zo ziyara ya tarar an kafa ƙarfe a kan uwarsa. Ya tumɓuke shi ya kai wa Hashimu ƙara, yana zaton tare za su tayar da gari, sai Hashimu ya ce a bari sai gobe. Da asuba ya fito masallaci hankalinsa ba ya jikinsa, takalmin da ƙafarsa ta samu ya zura, ya ɗauki turken ya same shi a gona.

"Ya ce mini shi ya nuna musu wurin. Ya ce matattu ba sa cin tuwo, in girma in daina abin yara. Sai ya juya ya ci gaba da duba dawarsa. Ni da na bi shi gida-gida ina rantse wa mutane ba zai sayar da mu ba. Baba, ban san lokacin da hannuna ya ɗaga ba."

Liman ya tambaye shi, da yana tsaye ana shirin ƙona gidan Madu da yara a ciki, me ya yi niyya. Zubair ya ce ya yi ta cewa a ransa yanzu zai yi magana, yanzu zai yi magana. Sama'ilu ya kau da kai, domin wannan amsar ta fi masa ciwo a kan kisan.

* * *

Da labarin ya isa bakin shinge, sai wurin ya ruɗe. 'Yan zama ba su san wanda za su tsine wa ba, shugabansu da ya sayar da su ko ɗan'uwansu da ya kashe shi. Dangin Hashimu kuwa sun sani. Suka ce ƙarya ake yi wa mamaci, suka ce jini sai jini, ƙannensa suka fara tsinto duwatsu. Jarkokin da aka tanada don gidan Madu ba a mayar da su gida ba, hannu kawai suka sauya. Madu ya ratsa ta gefe da gudu ya koma wurin iyalinsa, babu wanda ya ko waiwaye shi, balle ya ba shi haƙuri.

Dagaci da liman suka sa Zubair a tsakiya suka kai shi fada, aka tura shi ɗakin da ke cikin soro aka sa kwaɗo. Dagaci ya sake kiran 'yan sanda, suka ce ruwa bai janye ba. Yana sauke wayar hadarin ya ɓarke, ruwa kamar da bakin ƙwarya, kowa ya san rafin sai dai ya ƙaru.

Sama'ilu ya je gida ya ɗauko tsohuwar bindigarsa ta farauta, wadda ya rataye tun da daji ya ƙare. Ya dawo ya zauna a bakin soron, ya jingina bayansa da ƙofar, ya ɗora bindigar a cinya. Mutanen ba su watse ba. Sun fake a ƙarƙashin rumfar kasuwa da ke fuskantar fada, suna kallonsa ta cikin ruwan. Ya san kowannensu, ya ci sunan wasu, ya nemo wa iyayen wasu awakinsu da suka ɓace. Da bakinsa ya ba da ɗansa, kuma zai miƙa shi ga hukuma da hannunsa in hanya ta buɗe, amma ba ga waɗannan ba.

Gab da magariba ya ji motsi a bayan ƙofar, aka jingina da ita daga ciki, daidai bayansa.

"Baba, kana nan?"

"Ina nan."

Wani daga cikin ƙannen Hashimu ya fito daga rumfar ya fara takowa cikin ruwan da jarka a hannu. Sama'ilu ya share ruwan da ke fuskarsa, ya ɗana kunamar bindigar.